Sassaƙen da Ban Kawo wa Goggo Ba

Tun da na dawo daga China ban huta da tambaya ba. In na zauna a bakin shago a Ƙofar Wambai, kafin in gama buɗe katan ɗaya an zagaye ni: wai da gaske suna cin kare, wai da gaske kamanninsu ɗaya, wai yaya mai tumbi irina ya ƙoshi yana cin abinci da tsinke biyu. Na ba da amsa har bakina ya gaji, kuma kowa in ya je gaba sai ya ƙara nasa gishirin, har na ji ana cewa an ɗaure ni a can. Ba a ɗaure ni ba. Amma an kama ni, kuma gara ku ji daga wurina yadda aka yi.

Takalma na je sarowa, wannan kowa ya sani. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne saƙon Goggo. Goggo ƙanwar mahaifina ce, a hannunta na tashi tun ina jariri bayan rasuwar mahaifiyata. Ƙarshen damina aka gano tana da sankarar mama. Likita ya ce sai an yi aiki an cire, kuma kada a ja lokaci. Muna cikin lallashinta sai wani Alhaji mai zuwa Hong Kong ya zo dubiya, ya ce ai a China akwai wata bishiya da sassaƙenta ke kashe sankara, har Turawa na rububinsa. Shi ke nan maganar ta zauna mata. Gidanmu gidan magani ne, da sassaƙe da saiwa mahaifina ya ciyar da mu har ya koma ga Allah. Ta ce ba mai sa mata wuƙa sai na je na dawo. Ranar tafiya ta ɗauko 'yar wuƙar Baba, wadda ƙotarta ta yi baƙi don riƙo, ta sa mini a jaka da hannunta. Ba zan ɗora mata laifin ita kaɗai ba, ni ma a raina na so maganar Alhajin ta zama gaskiya.

Jirgi uku na hau kafin in isa Hong Kong, ƙafafuna suka kumbura har takalmin da nake taƙama da shi ya ƙi shiga. Ba a daɗe da mayar wa China garin ba, amma har yanzu akwai iyaka a tsakani. Jirgin ƙasa ya kai mu bakinta, muka tsallaka wata gada a ƙasa cikin turmutsitsi, kowa da jakarsa mai ratsi irin ta Gana-mas-go. A ɗaya ɓangaren wani siririn jami'i ya buɗe kayana. Ya juya wuƙar, ya ga ba ta kai tsawon yatsa ba, ya mayar. Ya shinshina kilishina ya ajiye gefe. Da ya zo kan goro sai ya tsaya yana jujjuya shi. Na ɓare ɗaya, na ci rabi, na miƙa masa rabi. Bawan Allah ya gatsa da zuciya ɗaya. Fuskarsa ta tattare wuri guda, abokan aikinsa suka yi ta ƙyaƙyata dariya, ya tura mini goron da bayan hannu ya ce in wuce. Kilishin dai can ya kwana, kuma har yau ban huce ba.

A Guangzhou na sauka a wani ƙaramin masauki a unguwar Xiaobei. Baƙaƙen fata ba su da yawa, in ka hango ɗaya a tsallaken titi sai ka ɗaga masa hannu ko ba ka san shi ba. Ɗakin ba laifi, sai dai babu buta a banɗaki. Na fita na sayo wata 'yar butar tangaran mai zanen furanni, ita ce mafi araha da na gani. Da matar da ke kula da bene ta ga na nufi banɗaki da ita sai ta dafe ƙirji, ta kira wata, wata ta kira wata. Ashe butar shayi ce ta karɓar baƙi. Tun daga ranar, in ta kawo mini ruwan zafi da safe, a bakin ƙofa take ajiyewa ta juya. Ruwan zafin nan shi ne abin shansu, ko ana rana kamar ta Maris a Kano.

Abinci kuwa Allah ya taimake ni da Musulmin ƙasar. A bayan masaukin akwai masu fararen huluna da ke jan taliya da hannu, su naɗa ƙulli su ja, su naɗa su ja, sai ga ta sirara. Kwana biyu ina fama da tsinke, taliya na zame mini tana komawa romo. Rana ta uku na wanke hannu na yi bismilla yadda aka koya mini a gida. Mai shagon ya leƙo ya gani, ya ɗaga mini babban yatsa, ya ƙaro mini nama.

Da safe ina titin Zhanxi Lu wurin takalma. Da kalma uku na yi ciniki: ni-hau in na shiga, lauban in ina kiran mai shago, meyo in ya ce babu. Sauran kalkuleta ke yi. Da yamma kuma in bi shagunan masu maganin gargajiya. Na yi mamakinsu, domin sana'ar Baba ce sak, sai dai su sun jera ta a cikin ƙananan akwatunan bango, da sikeli da takardar naɗi. Na zana bishiya a takarda, na nuna jikinta, na nuna ƙirjina. Wani ya ba ni maganin tari. Wani ya ba ni busasshen ƙadangare. Mako guda ya wuce a haka, kuma kullum in na kwanta maganar likita ce ke dawo mini, cewa kada a ja lokaci.

Ranar Juma'a, a wani tsohon masallaci mai doguwar hasumiya, ina neman takalmina sai na ji an ce a bayana, "Wagga hula dai ta Kano ta." Na waiwaya na ga wani dogon mutum da gilashi. Sunansa Yusufu, mutumin Maraɗi, likita ne da ya zo ƙarin karatu, ya shekara shida a garin, yana jin yarensu kamar a can aka yanke masa cibi. Muka je cin taliya, ban san lokacin da na zazzage masa komai ba.

Ya san bishiyar. Ya ce suna kiranta hung-dau-shan, wato mai jan wake, saboda 'ya'yanta, Turawan Ingila kuma yew. Ya ce akwai tsofaffinta a duwatsun arewacin lardin da garin yake, a wani dajin da gwamnati ta killace. Sai ya ajiye tsinkensa ya dube ni.

"Alhaji, maganin gaskiya na, amma ba jiƙo aka yi ba. A masana'anta aka hidda shi, ɗan kaɗan, a sa ma mutum ta jijiya. Iccen kansa dahi na. Koma gida a yi mata aiki."

Na gyaɗa kai, amma a raina cewa na yi ɗan boko ne, haka suke faɗa game da sassaƙen Baba alhali mun ga waɗanda suka tashi. Na ce masa to ya kai ni in gani da idona, in ɗauki hoto, don Goggo ta san na je. Ya yarda. Ban ce masa komai game da wuƙar ba.

Asabar da sassafe muka hau bas. Yini guda muna tafiya, maza na busa taba tagogi a rufe, wata mata da agwagi biyu a kwando ƙarƙashin kujerata. Da muka fara hawan dutse hanya ta riƙa murɗewa, cikina ya murɗe tare da ita. Mutumin da ke kusa da ni ya ɓare lemo, ya ba ni ɓawon ya nuna mini in shaƙa, ya cinye lemon shi kaɗai. Abin haushin shi ne ya yi aiki. Muka kwana a wani ƙaramin gari, washegari wata 'yar tarakta mai jan amalanke ta haura da mu. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, don na san halinku, wani zai bi sawuna.

Sanyin wurin ba irin namu ba ne, jiƙaƙƙe ne mai shiga ƙashi. Muna sauka tsofaffin mata suka kewaye ni. Na ɗauka fatata ce abin kallo, ashe aikin wuyan rigata ne. Ɗaya ta kama ta juya cikin tana duba ɗinkin, ta ce wani abu, duk suka gyaɗa kai. Yusufu ya ce wai mai ɗinkin ya iya, amma ya yi rowar zare.

Mai gadin dajin wani gajeren tsoho ne, Lau Chan, da jan ƙyalle a damtse da filas na shayi rataye a kafaɗa. Shi ya shige gaba. Yana tafe yana bayani, Yusufu na mayar mini. Ya ce wasu bishiyoyin tun kafin a kafa ƙauyen suke, kakan kakansa ma a haka ya tarar da su. Ni da na tashi cikin kukoki ba na saurin mamakin bishiya, amma da muka isa gindin babbar sai na tsaya ina ɗaga kai ina neman ƙarshenta. Mu uku muka haɗa hannu ba mu zagaye ta ba. Ganyenta ƙanana ne jere kamar haƙoran mataji, jajayen 'ya'ya sun zubo ƙasa. An ɗaɗɗaure mata jajayen tsummoki. Tsohon ya ce in an haifi yaro mai yawan ciwo sai a kawo shi a ba bishiyar riƙo, ta zama kamar uwarsa. Na ce wa Yusufu kada ya yi dariya, a ƙauyen kakannina akwai tsamiyar da ake yi wa irin haka kafin malamai su hana.

Azahar ta yi. Na ce zan keɓe in yi salla, su ci gaba zan cim musu. Yusufu ya ce shi sai mun sauka zai haɗa da la'asar. Wannan shi ne wurin da ya fi ba ni kunya a duk labarin. Na yi sallar da gaske, amma ina sallamewa na zaro wuƙar.

Na yi yadda Baba ke yi. Na tsaya ta gabas da bishiyar, na yi mata sallama, na faɗa mata wanda ke da ciwo da abin da na zo nema. Na yanki ɗan sassaƙe siriri. Baba bai taɓa sa sassaƙe a jaka bai ɗanɗana ba, yakan ce harshe ne ke gaya maka ƙarfin magani. Na jefa a baki na fara tauna. Ɗaci ya gauraye mini baki.

Sai na ji gudu a bayana. Kafin in juya tsohon nan ya cafki wuyan rigata. Na ce shi ke nan, yau zan kwana a hannun 'yan sandan China. Amma ko kallon bishiyar bai yi ba. Ya matse mini kumatu, ya cusa yatsunsa a bakina, ya ƙwaƙulo abin da na tauna ya yar. Ya buɗe filas ya ɗura mini shayi, ya doke ni a baya in tofar, ya sake ɗurawa, ya sake duka. Ni magidanci mai 'ya'ya biyar, ga ni durƙushe ana wanke mini baki kamar yaron da ya ci ƙasa.

Yusufu ya iso yana haki, ya kama hannuna yana jin bugun jini, ya tambaye ni sau uku ko na haɗiye. Na ce a'a. Ya ajiye ni awa guda yana dubawa. Da ya tabbata ba abin da ya same ni, sai ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, "Da salla ka yi mini ƙarya, Alhaji." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Lau Chan ya ce mu biyo shi. Ya kai mu ta wata gangara inda ya nuna mana bishiyoyi a tsaye, farare fat, an feɗe su daga sama har ƙasa. Ya ce tun da labarin maganin ya bazu ɓarayi ke shigowa suna saluɓe su su sayar wa dillalai, shi ya sa aka tsaurara tsaro. Ni da nake ɗan mai magani na san abin da nake gani. Baba ba ya zagaye bishiya da wuƙa, tafin hannu ta gabas, tafin hannu ta yamma, ya bar ta ta warke. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na manta ni ma yanzu aka kama ni.

Muka koma inda na yanka. Ban jira an ce ba, na ɗebo laka a bakin rafi, na kwaɓa, na shafe wurin na lailaye da babban yatsa, yadda aka koya mini. Tsohon ya tsuguna yana kallo. Ya tambayi wa ya koya mini, na ce mahaifina. Ya tambayi wane ne ba shi da lafiya. Alhali ban taɓa gaya masa akwai mara lafiya ba. Na fara ba shi labarin Goggo, Yusufu na fassarawa, ban kai rabi ba kuka ya ƙwace mini.

Ya bar ni na gama. Sannan ya ce masu zuwa da wuƙa iri biyu ne, kuma daga tafiyarsu yake gane su. Ɓarawo yana kallon hanya. Wanda ya baro mara lafiya a gida bishiyar yake kallo. Ya ce ya san wani a garin da ke gindin dutsen da ya dafa wa mahaifinsa ɓawon, zuciyar tsohon ta tsaya kafin a kai shi asibiti. Sai ya tambaye ni kwana nawa ke nan da na baro gida. Na ce goma sha ɗaya.

"Ita kuma tana zaune tana jiranka."

Har lokacin ban taɓa lissafa kwanakin nan a kanta ba.

Doka ta ce ya miƙa ni ga hukuma. Bai miƙa ni ba, amma ya riƙe wuƙar, kuma ya yanke mini nasa hukuncin. A bayan gidansa yana rainon ƙananan bishiyoyin, ya ce irin yakan shekara biyu a ƙasa kafin ya tsiro. Ya ɗora mini sanda a kafaɗa da bokiti biyu, ya ce in shayar da su duka daga rafi. Sawu tara na yi, rabin ruwan a rigata, tsofaffin matan nan na zaune kan katanga suna ƙirga mini. Duk wanda ya sake taya ɗan ga-ruwa da wulaƙanci a gabana zai ji daga gare ni. Matar tsohon kuwa, da Yusufu ya yi mata bayanin abin da ba ma ci, ba ta taɓa kaskonta ba. Ta ɗauko sabuwar tukunyar ƙasa ta dafa mana shinkafa da ƙwai, ta gasa dankali a toka. Ban ci abin da ya kai shi daɗi a ƙasar ba.

A bas ɗin dawowa Yusufu bai yi mini magana ba sai da muka hango fitilun gari. Ya zaro takarda ya rubuta sunan maganin na asibiti, ya ce in nuna wa likitanmu bayan aiki, shi zai san ko ya dace da ita, ko kuma akwai wani. Na roƙe shi gafara, ya ce ya yafe amma sai na aiko masa da kilishi. Na bar sauran takalman a hannun mai kago ya auno mini su daga baya, na sauya tikiti, na kamo hanya.

Da hantsi na isa gidan Goggo. Tana zaune kan tabarma a rumfa, ta rame har na tsorata. Bayan gaisuwa ta dubi hannuna, ta dubi jakata. Na ce mata na je, na ga bishiyar, na ɗanɗana, guba ce, ban kawo ba. Na ba ta labarin tsohon da yatsunsa, da fararen bishiyoyin, da mutumin da ya dafa wa mahaifinsa. Ta saurara har ƙarshe, ba ta katse ni ba. Na ce, "Goggo, don girman Allah ki bari a yi aikin nan."

Ta daɗe tana murza bakin zanenta.

"Kana tsammanin wuƙar nake tsoro? Haihuwa takwas na yi." Ta dafa ƙirjinta. "Da aka kawo ka kwananka tara, ina goyon Asabe. Ita ta riƙe na dama, kai ka riƙe na hagu, ko an juya ka ba ka yarda. Na hagun ne za su cire."

Shekara arba'in da ɗaya ina duniya ba wanda ya taɓa gaya mini wannan. Na sunkuyar da kai. Da na ɗago sai na ce, "To ai ya gama aikinsa, Goggo. Dube ni."

Ta dube ni daga hula har ƙafa, ta tsaya a kan tumbin. Dariya ta ƙwace mata, hawaye na bin kumatunta.

"Ya gama, har ya wuce gona." Ta share fuska da gefen zane. "Miƙo mini mayafina. Je ka samo mota."

An yi aikin kafin azumi. Ni na sa hannu a takardar. Yanzu wata na huɗu ke nan, tana karɓar allurai, gashinta ya zube, wata rana ta ci abinci wata rana ta kasa. Likita ya ce alamu na da kyau, sauran na Allah ne. Jiya da kanta ta taka har ƙofar gida ta yi wa mai kayan miya tsiya a kan tattasai.

Ku da kuka dame ni da tambaya, ga amsa na ba ku, saura ku biya ni. Ku sa ta a addu'a. Tun da na iya magana ban taɓa kiran sunanta da bakina ba, amma addu'a na son suna. Sunanta Hauwa'u.